Kundin aikin allon koyarwa kan farkawar bairos ɗin hapis

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau muka tsayar da iyakar aikin, ni da ɗalibai biyu na ajin ƙarshe da suka ɗauki nauyin zane. Abu biyu za mu samar: babban allo da za a rataya a ɗakin koyar da ilimin ƙwayoyin cuta, da ɗan littafi domin ma'aikatan lafiyar dabbobi waɗanda kullum suke tare da makiyaya da dillalan shanu a Sakkwato da kewayenta. Tambayar da za su amsa guda ce: me ke sa bairos ɗin hapis, wanda kan yi shekara da shekaru kwance a jikin dabba ko mutum ba tare da wata alama ba, ya tashi rana tsaka ya shiga hayayyafa?

Dangin hapis suna da yawa. A jikin ɗan Adam kaɗai an san guda tara, ciki har da HSV-1 mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, da wanda ke haddasa ƙarambau, da EBV mai ɓuya a tantanin jini, da wanda ke jawo sankarar Kaposi. Shanu na da nasu, tumaki da dawaki da kaji ma haka. Mun yanke shawarar cewa BoHV-1 na shanu shi zai zama ginshiƙin allon, domin shi ɗalibanmu za su tarar a bakin aiki, amma duk inda aka zo bayanin abin da ke gudana a cikin tantani za mu jingina da HSV-1, saboda a kansa aka fi zurfafa bincike, kuma dukansu biyun a tantanin jijiya suke ɓuya.

Talata, 19 ga Nuwamba

An gama zanen kashi na farko, wato hanyar da bairos ke bi daga hanci ko baki zuwa maɓoyarsa. Da farko yana hayayyafa a fatar cikin hanci, ido ko leɓe, daga nan ya shiga bakin jijiyoyin ji da suka bazu a wurin, ya bi doguwar jijiya har ya isa ƙullin jijiya mai rassa uku da ke gindin ƙoƙon kai. Can yake zuba DNA ɗinsa a cibiyar tantani, bakin DNA ɗin biyu su haɗe ya zama zobe, ya zauna a gefe ba tare da ya shiga cikin gadon tantanin ba.

A gefen zanen mun sa ɗan gajeren tarihi. A 1905 likitan tiyata Harvey Cushing ya lura cewa wasu daga cikin waɗanda ya yi wa aiki a wannan jijiya sukan fito da ƙurajen hapis a fuska bayan aikin. Ernest Goodpasture ya kawo hasashen ɓuya a cikin ƙullin jijiya a 1929, amma sai a 1971 Jack Stevens da Margery Cook suka tabbatar da shi a jikin ɓeraye, inda suka ciro ƙullin da ba a ga bairos mai rai a cikinsa ba, suka rene shi a kwanon gwaji, sai ga bairos ya fito. A 1973 Baringer da Swoveland suka samo shi ta wannan hanya daga gawawwakin mutane.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne yadda za a nuna dalilin da ya sa bairos ɗin ke yin shiru a jijiya alhali a fata yana ta ɓarna. A tantanin fata, wani furotin da bairos ke shigowa da shi, VP16, yana haɗuwa da furotin biyu na tantanin, HCF-1 da Oct-1, su ukun su tayar da rukunin farko na ƙwayoyin gadon bairos, irin su ICP0 da ICP4. Waɗannan su ke tayar da rukuni na biyu mai kwafar DNA, sannan rukuni na uku mai gina jikin sabon bairos ya biyo baya, kamar yadda Honess da Roizman suka tsara tun 1974. A jijiya kuwa tafiyar tana da tsawo, VP16 ba ya isa cibiya tare da DNA yadda ya kamata, kuma HCF-1 kansa a wajen cibiyar yake zaune. Rukunin farko bai tashi ba, saboda haka na biyu da na uku ba su da ta cewa.

Asabar, 7 ga Disamba

Da asuba muka tafi mahauta domin ɗalibai su ga ƙullin da idonsu kafin su ci gaba da zana shi. Mun sayi kan sa, muka roƙi mahauci kada ya fasa shi da gatari kamar yadda aka saba, domin sara ɗaya ya isa ya lalata gindin ƙoƙon. Dattijon ya dube mu ya ce, "Likita, ƙwaƙwalwa kaka so ko ƙashi?" Da na ce abin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar nake nema, sai ya yi dariya ya miƙo kan.

A ɗakin fiɗa muka yanke saman ƙoƙon da zarto, muka ɗaga ƙwaƙwalwar a hankali tana rabuwa da jijiyoyinta. A tsakiyar gindin akwai ɗan gurbin da ƙullin fituwitari ke zaune, kewaye da shi kuma wata saƙar ƙananan jijiyoyin jini mai duhu. Dama da hagu da wannan, ƙarƙashin tauraren mayafin ƙwaƙwalwa, ƙullin da muke nema yake, fari-fari mai ɗan toka, kuma idan aka bi shi da bakin almakashi ana ganin inda yake rabuwa zuwa reshen ido, reshen muƙamuƙin sama da na ƙasa. Mun ciro su duka a dunƙule muka jefa cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya tambaya ko za mu ga bairos ɗin idan an yanka ƙullin an duba a madubin ƙara girma. Amsar ita ce a'a, kuma na sa ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a gefen allon. Tantanin da ke ɗauke da bairos a kwance ba ya bambanta da maƙwabcinsa a ido, ba a samun cikakken bairos a cikinsa, sai dai a nemi DNA ɗin da gwajin PCR mai ninka DNA har a iya gano shi, ko a nemi garkuwar da jiki ya yi a cikin jini.

Litinin, 16 ga Disamba

Makon da ya wuce kacokan ya tafi a kan kashi na biyu, abin da ke riƙe bairos a kwance. Nan ne nake ganin littattafan da ɗalibai ke karantawa sun fi gajarta bayani, domin sukan bar mai karatu da zaton cewa bairos ɗin barci kawai yake yi. Gaskiyar magana ita ce danne shi ake yi, kullum, kuma hannu uku ne a kansa.

Hannu na farko na tantanin ne. Da zarar DNA ɗin bairos ya shiga cibiya tsirara, tantanin yana naɗe shi a jikin furotin da ake kira histon, sannan ya buga wa histon ɗin alamun metil a wurare sanannu, musamman a gurbi na 9 da na 27 na histon H3, waɗanda ke sa naɗin ya ƙara tsukewa har na'urar karanta gado ta kasa isa wurin. Domin a nuna wannan, ɗaliban sun samo ƙwarƙwaron masaƙa suka naɗe zaren da aka yi wa rubutu a jikinsa: rubutun na nan bai goge ba, amma ba ya karantuwa sai an sassauta naɗin. Za a manna wannan a jikin allon yadda mai koyarwa zai iya warwarewa ya sake naɗewa.

Hannu na biyu na bairos ɗin ne da kansa, kuma wannan ne ya fi ba ɗalibai mamaki. HSV-1 na da DNA mai tsawon harafi kimanin 152,000 da ƙwayoyin gado kusan 80, amma a lokacin kwanciya yanki guda ne ake karantawa da yawa, wanda Stevens da abokan aikinsa suka bayyana a 1987, ake kiransa LAT. Daga wannan yanki ake samun ƙananan RNA da ke rage samar da ICP0 da ICP4, wato bairos na toshe bakin furotin ɗin da za su tashe shi. Tantanin jijiya ma na da nasa ƙaramin RNA, miR-138, da ke yi wa ICP0 irin wannan aiki. Bayan haka LAT na taimaka wa tantanin kada ya kashe kansa, abin da tantani kan yi idan ya ji baƙo a cikinsa. BoHV-1 na da makamancinsa da ake kira LR, kuma ɗakin binciken Clinton Jones a Amurka ya nuna cewa idan aka lalata furotin da LR ke samarwa, bairos ɗin ba ya iya farkawa a jikin maraƙi ko da an yi masa allurar da ke tayar da shi. Ga alama dalilin a fili yake, domin bairos ɗin da ya bar gidansa ya rushe ba shi da inda zai farka.

Hannu na uku shi ne sojojin garkuwa, tantanin T masu alamar CD8, waɗanda ke zaune a cikin ƙullin suna manne da jijiyoyin da ke ɗauke da bairos. Suna fitar da intaferon gama, sinadarin garkuwa mai danne bairos, suna kuma zuba wani sinadari, giranzayim B, wanda ke datse ICP4 ba tare da ya kashe jijiyar ba. Zamansu a wurin shekara da shekaru shaida ce cewa bairos ɗin na motsawa lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba da sun watse.

Na sa a rubuta ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasan wannan kashi: mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, kashi 64 cikin 100, na ɗauke da HSV-1.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

An koma aiki, hunturu ya kankama, takardun zane sai naɗewa suke saboda bushewar iska. Mun shiga kashi na uku, wanda shi ne zuciyar aikin.

Matsalar da ake son warwarewa ita ce: VP16 ne ke tayar da rukunin farko, amma VP16 ɗan rukuni na uku ne, ba a samar da shi sai an bi ta na farko da na biyu, kuma a tantanin da bairos ke kwance babu shi. To wa ke fara motsi? Amsar da bincike ya bayar ita ce tantanin ne, ba da nufinsa ba.

Tantanin jijiya na rayuwa ne bisa wani saƙo da yake samu daga fata, furotin NGF. Wilcox da Johnson sun nuna a 1987 cewa idan aka janye NGF daga jijiyoyin da aka rena a kwano, bairos na farkawa. Daga 2010 zuwa 2012 ƙungiyar Angus Wilson, Ian Mohr da Moses Chao ta gano cewa saƙon na bi ta wani furotin na tantanin mai suna PI3K, ta kuma gano cewa farkawar hawa biyu ce. A hawan farko, wanda ke zuwa ƙasa da kwana guda bayan an katse saƙon, ana karanta ƙwayoyin gadon bairos barkatai, na rukunin farko da na biyu da na uku a lokaci guda, ba tare da bin tsarin da aka sani ba kuma ba tare da an kwafi DNA ba. Cikin abin da ake samarwa a wannan hargitsi har da VP16. Idan ya samu ya shiga cibiya tare da HCF-1, sai hawa na biyu ya fara, tsarin rukuni uku ya dawo daidai, a kwafi DNA, a gina sabon bairos, ya gangara ta jijiyar da ya hau zuwa hanci ko leɓe.

Yadda ake karanta DNA ɗin da ke naɗe tamau a hawan farko shi ne abin da Anna Cliffe da abokan aikinta suka fayyace a 2015. Jijiyar da ta shiga matsi tana tayar da hanyar saƙo ta furotin biyu na tantanin, DLK da JNK, wadda asalinta hanyar amsa rauni ce. Sakamakon haka ana ɗora fosfat a gurbi na 10 na histon H3, dab da alamar metil da ke gurbi na 9. Metil ɗin na nan ba a cire shi ba, amma fosfat ɗin da ke kusa da shi ya hana shi aiki na ɗan lokaci. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya fita da shi, domin yana bayyana dalilin da ya sa hawan farko ke iya komawa baya: idan matsin ya wuce ko intaferon ya riga shi, aka cire fosfat, alamar dannewa na nan inda take, bairos ya koma shiru. Yawancin motsin da bairos ke yi a nan yake ƙarewa. Ko a gwajin Sawtell da Thompson, inda ake ɗaga zafin jikin ɓera zuwa digiri 43 na minti 10, jijiyoyi ƙalilan ne a ƙulli guda ke kaiwa ga samar da bairos, wani lokaci ɗaya tak, alhali masu ɗauke da DNA ɗinsa sun fi haka nesa ba kusa ba.

A kan allon mun zana hawan farko da kibiya mai kai biyu, na biyu da kibiya mai kai ɗaya.

Laraba, 22 ga Janairu

Na je Kara na zauna da wasu dillalai da masu lodi, domin ɗan littafin ya fara daga abin da su suka sani. Ana cikin loda tirela mai zuwa kudu: an ɗaure wa kowane sa ƙaho da igiya a jikin katakon mota, an jera su kafaɗa da kafaɗa, wasu bakinsu na kumfa tun kafin a tashi, gabansu kuma tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Wani Alhaji da ya daɗe a fataucin ya ce mini, "Likita, shanun ga lahiyassu lau muka ɗora su, amma in sun kwana biyu Ikko sai ka ga majina da hawaye, wani har shi daina cin abinci." Ban ce masa lallai BoHV-1 ne ba, domin cututtukan da ke kawo majina da zazzaɓi a shanu suna da yawa kuma sai gwaji ke rarrabe su, amma abin da ya siffanta shi ne ainihin yanayin da aka san bairos ɗin na farkawa a cikinsa.

A shanu an fi sanin hanyar dalla-dalla. Wahalar tafiya, ƙishirwa, cunkoso, haihuwa da yaye duk suna ɗaga sinadarin kotisol a jini. Kotisol na shiga tantanin jijiya ya kama makarɓinsa, makarɓin ya wuce cibiya ya zauna a kan DNA. To BoHV-1 na da wuraren zama biyu na wannan makarɓi a gaban ƙwayoyin gadonsa na rukunin farko, masu samar da bICP0 da bICP4, takwarorin ICP0 da ICP4, kuma wani furotin na tantanin da matsi ke tayarwa, KLF15, na haɗa ƙarfi da makarɓin a wurin. Wato bairos ɗin ya ajiye kunnensa daidai inda saƙon wahalar saniya ke wucewa. Cikin 'yan sa'o'i ake fara ganin furotin ɗinsa a ƙullin, cikin 'yan kwanaki kuma ya bayyana a majina, ya kama na kusa da ba su taɓa haɗuwa da shi ba, ya kuma buɗe wa bakteriya irin su Mannheimia haemolytica hanyar huhu. A shanu masu ciki yakan jawo ɓari.

Abin da ya sa na ƙara shafi guda a littafin shi ne kwalaben deksametason da na gani a faifan wani mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar, jere da na tsutsa da na kaska. Wannan magani ɗan uwan kotisol ne mai ƙarfi, kuma tun farkon shekarun 1970 masu bincike ke amfani da irinsa da gangan idan suna son tayar da BoHV-1 a jikin saniya. Maganin na da wurinsa a hannun likita. Amma wanda ya soka wa sa shi domin ya ɗan warware kafin ciniki, sannan ya cusa shi cikin mota da wasu, ya haɗa wa bairos ɗin abubuwa biyu da yake jira.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wani farfesa da ya koyar da ni ya duba daftarin. Ya ce, "Malam, allonka na jijiya ne kawai, ɗalibi zai zaci duk dangin haka suke." Mun ƙara ƙaramin akwati a kusurwar dama.

EBV, wanda Epstein, Achong da Barr suka gano a 1964 daga sankarar yara da Denis Burkitt ya siffanta a Yuganda a 1958, a tantanin B na jini yake kwanciya. Mabuɗinsa furotin biyu ne, Zta da Rta, kuma Countryman da Miller sun nuna a 1985 cewa yankin da ke samar da Zta shi kaɗai ya isa ya tayar da shi. Abin da ke kunna su a jiki shi ne lokacin da tantanin B ya juya ya zama mai fitar da garkuwa, ta hanyar furotin XBP-1 da BLIMP1. Zta na da wata baiwa ta daban, domin ya fi kama DNA ɗin da aka yi wa alamar metil, wato alamar da aka buga don a rufe bairos ita ce yake takawa. An kuma nuna cewa wani furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro na iya tayar da EBV a tantanin B, abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan yanki. Bairos ɗin Kaposi, wanda Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 1994, mabuɗinsa ɗaya ne, RTA, kuma ƙarancin iskar oksijin na cikin abubuwan da ke kunna shi.

Farfesan ya so a sa VP16 a matsayin mabuɗin HSV-1 kamar yadda Zta yake ga EBV, bisa aikin Thompson, Preston da Sawtell na 2009 a jikin ɓeraye, wanda ya nuna cewa sabon VP16 ne ke jagorantar fita daga kwanciya. Na bar hawa biyun yadda suke, na ƙara layi guda da ke nuna cewa a jikin dabba mai rai VP16 na iya zuwa da wuri. Ya amince da hakan.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ne, zafi ya fara, aikin ya koma na safe kawai. Shafin magani da rigakafi aka rubuta. Asaikulobir, maganin hapis wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion, ba ya aiki sai wani furotin na rukuni na biyu, timidin kainas na bairos, ya fara sarrafa shi, don haka bairos ɗin da ke kwance ba ya jin sa ko kaɗan. Allurar rigakafin BoHV-1 na rage ciwo da yawan bairos a majina, amma ba ta fitar da wanda ya riga ya shiga ƙulli, kuma nau'in allurar mai rai shi ma yana iya kwanciya a can. Ƙasashen da suka kawar da cutar, irin su Denmak, Ostiriya da Suwizalan, sun yi hakan ne ta gwada jini da fitar da duk dabbar da gwajin ya nuna, bisa fahimtar cewa wadda ta taɓa kamuwa mai ɗauke da shi ce har mutuwa. Wannan hanya ba ta dace da garken da ke yawon kiwo tsakaninmu da Nijar ba, shi ya sa littafin ya tsaya a kan abin da ke hannunmu: shayar da dabba da hutar da ita kafin lodi, rage cunkoso, ware sabuwar saniya na 'yan makonni kafin a haɗa ta da garke, da barin deksametason sai da umarnin likita.

Litinin, 14 ga Afrilu

An gwada allon a gaban ɗaliban aji huɗu. Kashi na farko da na biyu sun wuce ba gardama. A na uku da dama sun ɗauka cewa zafin Sakkwato na wannan wata, da ke haura digiri 40, daidai yake da gwajin ɓeran, sai da na bayyana cewa a gwajin zafin cikin jiki aka ɗaga, ba na iska ba, kuma zafin gari na shafar saniya ne ta hanyar ƙishirwa da wahala, wato ta kotisol. Za a raba zanen ɓeran da na saniya da layi mai kauri, a kuma ƙara girman alamar fosfat, wadda na bayan aji suka ce ba sa gani.

Saura shafi guda a littafin, kan OvHV-2, bairos ɗin hapis na tumaki. Tumaki na ɗauke da shi ba tare da ciwo ba, matasansu ne suka fi fitar da shi ta hanci, amma idan ya shiga saniya yakan haddasa mugun zazzaɓi mai farar da ido wanda da wuya ta tashi. Tunda raguna za su cika Kara da gidaje kafin Babbar Sallah a watan Yuni, kuma da yawa za a ɗaure su kusa da shanun kiwo, muna son a buga littafin ya isa hannun ma'aikata kafin ƙarshen Mayu. Ɗaliban za su kai zanen da aka gyara wurin mai buga allo ranar Alhamis, ni kuma zan kammala shafin tumakin a wannan mako in miƙa wa farfesa ya duba.